Bulus Baɗi da Kwalayen Baibul

Na gaji da maimaita labarin nan. Tun da na dawo daga ƙasar Maraɗi ba ni da sakat a majalisar ƙofar shagon Alhaji Tanko. Wannan ya ce, "Haladu, an ce har waƙa ka yi a coci." Wancan ya ce, "Yanzu Haladu za mu ce ko Habila?" Shi kansa Alhaji Tanko in na je sayen sabulu sai ya ce, "Fasto, me za a ba ka?" To ga shi na rubuta sau ɗaya. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, wanda ya ga kuskure ya gyara a ransa. Wanda ya sake tambayata kuma, takardar zan miƙa masa in ci gaba da cin gorona.

Duk kun san Malam Bulus kafinta, wanda katanga ɗaya ta raba mu a nan Unguwar Sarki. Abin da wasunku ba su sani ba, Bahaushe ne tsantsa, ɗan wani ƙauye can gaba da Maraɗi, kuma Kirista ne tun daga ubansa. A ƙauyen nasu suna da coci, amma Littafi Mai Tsarki ɗaya tal suke da shi na Hausa, shi ma gara ta ci rabonta. Wata shekara Bulus ya je gida bikin godiyar kaka, wato ranar da suke kai hatsin farko coci su gode wa Allah. Baki ya ɗebe shi, ya miƙe a gaban jama'a ya ce baɗi war haka kowane gida zai sami nasa littafin daga Kaduna.

Baɗi ta zo, matarsa ta kwanta asibiti. Ya je hannu rabbana, ya ce sai baɗi. Wata baɗin ta zo, shagonsa ya ƙone a abin nan da ya faru a garin nan, wanda ba sai na tuna muku ba. Ya sake cewa sai baɗi. Shi ke nan mutanen ƙauye suka raɗa masa suna Bulus Baɗi, har yara suna kiransa da shi a bayan danga. Ubansa kuwa dattijon cocin ne, mutum ne da aka sani ba ya magana biyu, ga tsufa ya kama shi. Ya aiko wa ɗansa cewa ba ya jin zai ga wata kakar bayan wannan.

Bana Allah ya nufa Bulus ya haɗa littattafan. Bikin ranar Lahadi ne da safe. Ya shigo gidana ya ce, "Maƙwabci, motarka nake so."

Na ce, "Duk direbobin cocinku sun mutu?"

Ya ce, "Suna nan. Kai ne ba ka barci a kan sitiyari."

Na ce to. Amma ni ba na ɗaukar abin da ban gani ba, ko na uwata ne. Na sa ya buɗe kwalayen ɗaya bayan ɗaya, na leƙa har ƙasa. Littattafai ne baƙaƙe, sababbi fil, suna warin gam. Sai na ga ya ɗauki kwali zai dire a bayan akori-kurar tawa haka nan.

Na ce, "Dakata. Ka san abin da motar nan ta ɗauka jiya? Takin kaji. Shekaranjiya awaki."

Ya ce, "Ai an share."

Na ce, "Littafin da akwai sunan Allah da na Annabi Musa da Annabi Isa a ciki? Ba a motata ba. Kai ba kafinta ba ne? Je ka yanko katako."

Ya yi ta dariya, wai a wajensu maganar da ke ciki ita ce mai tsarki, ba takardar ba. Na ce maganar a ina take zaune, in ba a takardar ba? Da ma na daɗe ina kallonku, in ji ni. Ku saƙale shi a hammata, ku ja masa layi da biro, ku cusa masa hoton biki a tsakiya, in wa'azi ya yi tsawo ku yi fifita da shi. Mu kuwa ko allon yaro ba ka isa ka tsallaka ba. Bai ja ba. Ya yanko katako muka yi dandamali, muka jera kwalayen a kai, na rufe da wankakken zanen gado, na ɗora sallayar da nake ajiyewa a mota, sannan tamfol.

Muka tashi ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, ni da shi da matarsa Maman Rahila. Kun san Maman Rahila, Allah bai rage ta da komai ba. Gaban motar ya yi mana kaɗan. Bulus ya ce bari ya koma baya ya zauna a kan kwalayen. Kallo ɗaya na yi masa ya shigo tsakiya. Daga Kaduna har Maraɗi duk giyar da na sa sai da ta gaisa da gwiwarsa.

Kafin in tayar da mota Maman Rahila ta ce a yi addu'a. Ni da na saba da bismillah da addu'ar hawa abin hawa, numfashi biyu an gama. Ita kuwa ta rufe ido ta fara. Ta damƙa wa Allah tayoyi, ta damƙa masa birki, ta damƙa masa fitila, ta roƙa wa sojojin hanya taushin zuciya, ta roƙa wa shugaban ƙasa hikima, ta dawo kaina ta ce a tsare direba daga fushi. Na ce amin, don wannan ta taɓa ni.

Ko Katabu ba mu wuce ba tayar baya ta yi faci.

Na ce, "Maman Rahila, wannan tayar kin tsallake ta ne?"

Ta ce, "Baban Hadiza, ai amsar addu'ar ke nan. Da a daji ta fashe fa? Ga mai faci can yana kallonmu."

Na sauka na kira mai facin. Matar nan ko me ya faru, addu'arta ta ci.

Daga Zariya ta fara waƙa, irin tasu ta zumuntar mata, tana buga gaban motar da tafin hannu a madadin tulu. Gaskiya tana da murya. Kuma ba zan ɓoye muku ba, wajen Funtuwa na tsinci yatsana yana bin kiɗan a kan sitiyari. Iyakar waƙar da na yi ke nan, Malam Sule, kai mai cewa na yi waƙa a coci, sai ka gaya wa wanda ya ba ka labari.

Sunan Fasto kuwa ga inda ya samo asali. A wani shinge gaba da Funtuwa soja ya tsayar da mu, ya ɗaga tamfol, ya ga abin da ke ciki. Nan take ya cire hular kwano. Ya zagayo ya dube mu. Bulus ƙanƙanin mutum ne, da tsohuwar rigar aiki. Ni kuwa ga gemu ga babbar riga, Juma'a ce. Sai ya rusuna ta tagata ya ce da Hausarsa ta bariki, "Fasto, yi mini addu'a, ni yana da matsala."

Bulus ya ƙunshe baki. Na dubi sojan nan, yaro ne, idonsa ya faɗa don gajiya. Na ce, "Allah ya yaye maka, ya mayar da kai gida lafiya, ya shirye mu baki ɗaya."

Ya ce amin da ƙarfi, ya ɗage mana shinge da hannunsa. Ban yi ƙarya ba, ban ce ni fasto ne ba, kuma addu'ar da gaske na yi ta. Bulus ne ya kawo muku labarin, na sani, kuma zan rama.

A Katsina muka kwana, gidan wani fasto na gaske, abokin Bulus. Na shiga ina ɗari-ɗari. Kafin in buɗe baki matar gidan ta ajiye mini buta, ta nuna mini alƙibla, ta ce, "Malam, naman miyar nan a wajen mahaucin unguwa na saya, kada ka ji komai." Ashe ta saba, rabin danginta Musulmi ne. Tuwon shinkafa ne da miyar taushe. Sai dai su ba a sa hannu sai an yi addu'a, kuma faston ya ga baƙi, ya saki jiki. Ni ban rufe ido ba. Ina kallon tuwon nan yana hucewa a gabana kamar ana yi mini gayya. Da aka ce amin na ce wa Bulus a hankali, yanzu na gane abin da ya sa ba ka ƙiba.

Da safe lagireton motar ya fara zubar da ruwa. Bakaniken da muka samu irin masu ba ka labarin duniya ne kafin su ɗauki sifana. Hantsi ya wuce, azahar ta wuce. Bulus sai kallon rana yake yi. Sai bayan la'asar muka isa bakin iyaka.

Ɓangarenmu ba a ɓata mana lokaci ba. A ɓangarensu ne aka yi ta. Can masu duba kaya duwan ake ce musu. Wanda muka tarar dogo ne siriri, kakinsa a goge kamar yau aka ɗinka, yana da tabon salla a goshi. Ba ya ihu irin na namu. A hankali yake magana, abin da ya fi ihun ban tsoro. Ya ɗaga gefen tamfol, ya sa aka ciro kwali ɗaya, ya buɗe, ya juya littafi a hannu.

Ya ce, "Na sayarwa ne?"

Bulus ya ce, "Kyauta ce, ranka ya daɗe. Na cocin ƙauyenmu ne."

Ya ce, "Kowa haka yake cewa. Mai atamfa ma cewa yake ta bikin ƙanwarsa ce. Littafi da yawa haka, in haja ce, ba ni ke da ikon sakinta ba. Sai babbanmu ya zo."

"Yaushe zai zo?"

"Litinin."

Maman Rahila ta dafe ƙirji. Bulus ya yi masa bayanin komai, bikin gobe, da tsohonsa, har sunan da aka raɗa masa bai ɓoye ba. Mutumin ya saurara. Ba mugu ba ne, aikinsa yake yi. Can ya miƙa wa Bulus littafin ya ce, "To ga hanya mai sauƙi. Littafinku ne. Dafa shi ka rantse ba na sayarwa ba ne, ku wuce."

Na ce alhamdulillahi, na juya zan tayar da mota. Sai na ji Bulus ya ce, "Ba zan iya ba, ranka ya daɗe."

Na dawo. Na ce, "Ba za ka iya me ba?"

Ya ce, "Rantsuwa. Littafin nan da kansa ya hana mu. An koya mana in i ce ka ce i, in a'a ce ka ce a'a, ka tsaya nan."

Na ce, "Malam Bulus, ni fa na taɓa zuwa kotu shaida a Kaduna. Da idona na gani. Musulmi a miƙo masa Alƙur'ani, Kirista a miƙo masa Baibul, wanda ba ya ko ɗaya a ba shi ƙarfe. Gwamna ma da shi ake rantsar da shi in naku ne, a talabijin, kowa yana kallo."

Ya ce, "Da yawa suna yi, kuma ban ce sun yi laifi ba. Kowa da yadda ya fahimta. Amma babana sau ɗaya aka ce ya rantse a gaban mai gari kan iyakar gona, ya ƙi, ya bar gonar. In na rantse na shigar da littafin nan, in ya tambaye ni yadda muka wuce iyaka, me zan ce masa?"

Matarsa ta ce, "Baban Rahila, taɓawa kawai za ka yi. Allah ya san zuciyarka."

Ya girgiza kai. Idonsa ya yi ja, amma hannunsa yana bayansa.

Raina ya ɓaci. Na tuƙo mota tun daga Kaduna, na sha faci, na sha waƙa, na ci tuwo mai sanyi, ga rana tana shirin faɗuwa, mutum ya tsaya a bakin gidansu yana taurin kai. Na matsa gaba na ce, "Yallaɓai, ni Musulmi ne, ni addinina bai hana ni rantsuwa kan gaskiya ba. Kwalayen nan ni na duba su ɗaya bayan ɗaya. Na san mutumin nan, na san yadda ya tara su. Wallahi tallahi ba na sayarwa ba ne."

Ya dube ni sama da ƙasa. Ya ce, "Kai mutumin ina ne?"

Na ce, "A Kaduna nake, amma asalina Kano."

Sai ya yi murmushi, karo na farko. Ya ce, "Ni ɗan Damagaram ne. Yau ga bawana ya kawo kansa. Wallahin Bakano? Ku da kuke yin goma kafin ku sayar da allura ɗaya?"

Kun san wasan da ke tsakanin Kanawa da mutanen Damagaram, kowa yana kiran ɗan'uwansa bawa. A wani wurin da na rama, amma ranar na haɗiye. Na ce, "Na ji, ubangidana. Yau ranarka ce."

Ya ce, "Sauke mini tamfol ɗin gaba ɗaya in gani."

Na sauke. Ya tsaya yana kallo. Ga sallaya a sama, ga farin zane, ga dandamalin katako an goge shi sumul, don Bulus ko da wasa ba ya aikin banza. Ya leƙa ƙarƙashi, ya ga tsakanin kwalayen da ƙasan motar akwai kusan taƙi guda.

Ya ce, "Wa ya yi wannan?"

Bulus ya nuna ni. "Shi ya tilasta mini. Ya ce ba za su taɓa inda awaki suka taka ba. Zama ma ya hana ni a kai, duba gwiwata."

Mutumin ya sake duban sallayar. Sannan ya mayar da littafin cikin kwali da hannu biyu, ya gyara zanen da kansa, ya ce, "Na daɗe a bakin hanyar nan. Ban taɓa ganin Bakano ya shimfiɗa wa haja sallayarsa ba. Ku wuce. Kai kuma mai taurin kai, ka gaida tsohon."

Muka ɗauki hanya. Can na ce, "Malam Bulus, maganar ce mai tsarki, ba takardar ba, ko?"

Ya ce, "Tuƙa mota, maƙwabci."

Maman Rahila ta ce ai duk addu'arta ce.

Maraɗi ba mu tsaya ba sai don burodi. Burodinsu dogo ne kamar sandar makiyayi, ɓawonsa yana yanka dasashi, amma in ka saba ba ka son namu. Hanyar ƙauyen yashi ne zalla, sau biyu muka sauka muka tura, har da Maman Rahila. Sai bayan magariba muka shiga.

Abin da ya fi ba ni mamaki a tafiyar nan shi ne mutanen. Mu a Kaduna in an ce Kirista, wani muke hangowa, mai wani yare, mai wata shiga. Waɗannan kuwa da sallama suka tarbe mu. Ga tsage a fuska, ga riga da hula, matan da lulluɓi, gaisuwarsu ta fi tamu tsawo. Hausarsu ma ta fi tawa tsufa. Suka kawo mini fura da nono da kwaɗon zogale, suka kai ni ɗakin wani ɗan'uwansu Musulmi da ke gida na gaba, muka yi salla tare. Na tambaye shi yadda suke zama. Ya ce, "Rijiya ɗaya ce a garin, Malam. Da wa za ka yi faɗa?"

Da safe aka buga wani tsohon ƙarfen mota da aka rataye a bishiya, shi ne ƙararrawarsu. Ni ban shiga ba, ku ji da kyau. A gindin bishiyar na zauna, amma cocin ba shi da ƙyaure, ana ganin komai. Maza gefe, mata gefe, a kan tabarmi, takalma a waje. Dammunan gero an jera su a gaba. Bulus ya shigo da kwalayen a ka, ɗaya bayan ɗaya, ba ya kallon kowa. Aka riƙa kiran gida gida ana miƙawa. Wata tsohuwa ta karɓi nata ta rangaɗa guɗa, alhali an ce mini ko baƙi ɗaya ba ta sani ba, jikokinta za su karanta mata.

Aka riƙo Baba Ayuba, uban Bulus, aka kawo shi gaba. Idonsa ya yi hazo, da ƙyar yake gane mutum. Ya shafa littafin gaba da baya, ya kai hanci ya shinshina. Ya ce, "Ina Bulus?"

"Ga ni, Baba."

Ya ce, "Jama'a, na sa masa suna ranar da ya kwana bakwai. Ɗaya ne. Wanda ya ƙara masa na biyu ya zo ya ɗauki abinsa."

Aka kwashe da dariya. Bulus ya sunkuyar da kai yana goge fuska da hula.

Bayan an tashi tsohon ya sa aka kira ni ɗakinsa. Ya riga ya ji labarin iyaka, ya sa na sake ba shi daga bakina, wajen taurin kan ɗansa har sau biyu. Sannan ya ce wa Bulus ya miƙo masa abin da ke rataye a bango. Gafaka ce, irin tamu ta Alƙur'ani, jar fata, aikin dukawa. Tun shekarar da aka yi alkawarin ya ba da aka ɗinka, take rataye ba komai a ciki. Ya zura littafin, ya ɗaure, ya ce a mayar can sama, kada a ajiye masa a ƙasa.

Na dubi Bulus. Bulus ya dubi rufin ɗaki.

Da za mu tafi Baba Ayuba ya riƙe hannuna ya sa mini albarka, ya ba ni zakara. Shi ne wanda kuka ci a gidana ranar Talata, kuna ci kuna kirana Fasto. Ya ce, "Ɗana, yaushe za ka dawo mana?"

Na ce, "In Allah ya yarda, Baba, sai ba..."

Ya matse mini hannu. Ya ce, "Yi a hankali. Sunan nan yau ba shi da mai shi."